Me Ya Sa Baba Ba Ya Kama Yadin Roba?

Wani ɗan kasuwa daga Bichi ya aiko cewa ya kai yadi marina, wanki ɗaya baba ya zube. To malam, kada ka ga laifin marini, yadin ne ba auduga ba. Auduga tana shan ruwa, baba ya shige cikin zarenta ya zauna. Foliyesta kuwa daga man fetur ake yin sa, zarensa a matse yake, ruwa ba ya ratsa shi. A masaƙa sai an dafa shi da rini na musamman, zafi ya kai digiri 130, sannan zaren ya saki, launi ya shiga, in ya huce ya kulle. Ina karofi zai samo wannan zafi? Kafin ka biya, tsinko zare ka ƙyasta masa ashana: auduga toka take zama, roba narkewa take yi ta dunƙule.