Albashi Ɗaya, Kasuwa Biyu: Arlit da Maraɗi



Tun watan Janairun 2024 mafi ƙanƙantar albashi a Nijar ya tashi daga sefa 30.047 zuwa jika 42. Doka ba ta bambanta Arlit da Maraɗi ba, amma kasuwa ta bambanta su.

A Maraɗi hatsi a bakin gona yake, kayan masarufi kuwa suna shigowa daga Katsina ta Ɗan Isa. A Arlit ba a noma hatsi. Kowace tiya sai ta hau mota daga kudu, ta ratsa Agadas, ta ƙara kilomita kusan 240 cikin hamada. Kuɗin mai, da ladan direba, da tayar da ramukan hanya suka cinye, duk magidanci ne ke biyansu a bakin awo. Saboda haka malamin makarantar da aka tura Arlit, wanda tushen albashinsa ɗaya ne da na takwaransa na Maraɗi, shi ne ke riga shiga littafin bashin mai kanti.

Me ya sa aka daɗe ana ganin Arlit garin daula? Domin gari biyu ne cikin guda. Ma'aikatan SOMAIR, wadda ta fara fitar da uraniyom a 1971, da na COMINAK a Akokan, kamfani ne ya ɗauke musu gida da ruwa da lantarki da asibiti. Albashinsu na cefane ne kawai, kuma da aljihunsu ƴan kasuwa ke auna farashi. Ma'aikacin gwamnati yana saye da tsadar masu haƙar ma'adini, alhali haya da magani suna wuyansa. Da darajar sefa ta karye da rabi a Janairun 1994, shi ne ya fi jin jiki.

Arlit tana da nata sauƙin, dole a faɗa: makaroni da madarar gari da dabinon Aljeriya da ke shigowa ta Asamaka. Sai dai sauƙi ne da ke rataye da iyakar wata ƙasa. Ran da aka tsaurara ta, ya tafi.

An rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da na ƴan kwangila. Masu saye sun ragu a Akokan, amma nisan Maraɗi bai ragu da taki ɗaya ba.