ƘURA DA RUBUTUN DA KE CIKIN JIKINMU

Karatu: Farawa 2:7, Zabura 139:13-16

Wataƙila ɗanku ya dawo daga makaranta ya ce asalin rai daga sararin sama ya faɗo, har hankalinku ya tashi. Kada ku tsauta masa. Bari mu duba maganar tare.

An gina jikinmu da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. Cikin kusan kowace ƙwaya akwai wani abu kamar zare a naɗe, ana ce da shi DNA. In an warware na ƙwaya ɗaya, tsawonsa zai kai wajen mita 2. A 1953 ne Watson da Crick suka bayyana siffarsa a Ingila: kamar tsani yake, wanda aka murɗa. Yana ɗauke da rubutu mai haruffa huɗu kawai, A, T, G da C. Wajen biliyan 3 muka gāda daga uba, wajen biliyan 3 daga uwa. Shi ya sa yaro yakan ɗauko hancin babansa. Canjin harafi ɗaya tak ne ke kawo sikila, in yaro ya gāje shi daga iyaye biyu. Dalilin gwajin jini kafin aure ke nan.

To, ina zancen sama ya shigo? A 1969 wani dutse ya faɗo daga sama a Murchison ta Ostareliya, aka sami sinadaran da ake gina jiki da su a cikinsa. A 2023 kuma kumbon Amurka ya kawo ƙura daga Bennu, wani dutse mai kewaya rana. A 2025 masana suka sanar cewa sinadaran haruffan nan huɗu suna cikin ƙurar. Saboda haka wasu suna tsammani irin duwatsun nan ne suka kawo su duniya tun farko.

'Yan'uwa, mu lura. Ba a sami DNA kansa a ciki ba, ba a kuwa sami abu mai rai ba. Tarin tubali ba gida ba ne, haruffa a warwatse kuma ba wasiƙa ba ce. Littafin Farawa ya riga ya nuna mana cewa da ƙura aka siffata mutum, Allah ne ya hura masa rai. In an sami kayan ginin a ƙurar sama, to, ƙurar sama ta wa ce?

Saboda haka mu bar yaranmu su yi karatu ba tsoro. Mu saurare su, mu buɗe Maganar Allah tare da su. Wanda ya saƙa mu a cikin uwa, shi ne ya yi taurari.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka ba 'ya'yanmu ilimi tare da bangaskiya, cikin sunan Yesu. Amin.