CIWON SHAWARA GA JARIRAI: JAWABI GA IYAYE A KASUWAR JALINGO

Iyaye maza da mata, ungozomomi da 'yan kasuwa, mun tara ku yau ne domin mu yi magana a kan ciwon shawara da ke kama jarirai a makon farko na haihuwa.

Jariri yakan zo duniya da jajayen ƙwayoyin jini masu yawa. Idan suka mutu, sai su bar wani sinadari mai ruwan ɗorawa, wanda likitoci ke kira bilirubin. Hanta ce ke fitar da shi, amma hantar jariri ba ta yi ƙwari ba tukuna. Saboda haka yakan taru, har idanu da fata su sauya launi. Wajen jarirai 6 cikin 10 sukan yi wannan, yawanci daga kwana na 2 ko na 3, kuma yakan wuce cikin mako 2.

Amma akwai abubuwan da ke sa shi ya yi tsanani. Na farko, haihuwar bakwaini. Na biyu, rashin jituwa tsakanin jinin uwa da na ɗa. Na uku, ƙwayoyin cuta da ke shiga ta cibiya. Na huɗu, rashin samun isasshen nono. Na biyar, ƙarancin wani sinadarin jini da ake gado, watau G6PD, wanda ya yawaita a ƙasarmu, musamman ga 'ya'ya maza. Jaririn da ke da wannan, kafur ɗin da ake saye a kasuwa a zuba cikin akwatin tufafi yana iya farfasa masa ƙwayoyin jini. Haka kuma lalle.

Lalle ne a fito da jariri cikin hasken rana kowace safiya a duba shi, domin ɗakin mai jego yakan yi duhu. A dubi farin idonsa da dasashinsa, a danna goshinsa da yatsa a ga launin da ya bayyana. A garzaya asibiti nan take idan shawarar ta fito tun ranar haihuwa, ko ta kai tafin hannu da tafin ƙafa, ko jariri ya ƙi kama nono, ko yana kuka mai tsini, ko yana sanƙarewa, ko kashinsa ya yi fari. Kada a ce sai bayan suna. Jinkirin kwana 1 ko 2 yana iya taɓa ƙwaƙwalwa, ya bar yaro da kurumta ko shanyewar jiki har iyakar ransa.

Maganinsa sananne ne. Tun 1956 wata ma'aikaciyar jinya, Jean Ward, ta lura a asibitin Rochford da ke Ingila cewa haske yana rage shawara. Yau ana kwantar da jariri ƙarƙashin fitila ta musamman, idan ta yi tsanani a musanya masa jini. A nan garin akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, Jalingo. Ruwan gulukos da jiƙe-jiƙe ba sa magani, shanya jariri a rana kuwa ƙuna take jawowa.

Mai ciki ta je awo, ta san rukunin jininta. A ba jariri dakashi da zarar an haife shi, a shayar da shi sau 8 ko fiye kullum. A tsabtace cibiya da maganin da asibiti ya bayar. Maigida kuwa ya tanadi kuɗin mota tun kafin haihuwa.

Allah ya raya mana zuri'armu, amin.