Gidan Gona na Bakin Kogin Tiber: Abin da Kufai Ya Shaida

 

A shekarar 1995, sa'ad da hukumar birnin Rum ta sa aka fara haƙa harsashin babban zauren kaɗe-kaɗe wanda Renzo Piano ya zana a unguwar Flaminiyo, tsakanin gindin tudun Parioli da gaɓar Kogin Tiber, sai ma'aikata suka ci karo da tsofaffin bangaye a binne, har ya wajaba a dakatar da aiki, a kira masana kufai, daga baya kuma a gyara zanen zauren domin a bar wa bangayen wurinsu. Malam Andrea Carandini da almajiransa suka ɗauki nauyin binciken, suka buga sakamakonsa a 2006. Abin da suka tono gida ne na noma wanda aka zauna cikinsa kimanin shekara 700, ana rushewa ana sake ginawa a kan tushe guda, tun daga wajen 550 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, har cikin ƙarni na 2 na Miladiyya.

Mai tambaya zai ce, da wace hujja ake sa wa bango shekara alhali babu rubutu a jikinsa? Ƙa'idar mai sauƙi ce: abin da ke ƙasa ya riga abin da ke bisansa, tukwane kuwa kowane zamani da irin ƙirarsa, saboda haka tsingaron da aka samu a cikin ramin harsashi yana nuna cewa ba a aza bangon ba sai bayan an ƙera wannan tukunya. Wannan hanya tana ba da yaƙini game da wane gini ya riga wane, tana ba da rinjayen zato game da shekaru, kuma ya kamata ɗalibi ya riƙa bambanta tsakanin biyun duk inda aka ambaci lissafi.

Gidan farko ƙarami ne, faɗinsa kamar murabba'in mita 300, ɗakuna ta ɓangare uku suna kewaye da tsakar gida, bangon ƙasa a kan tushen gutsattsarin dutse, rufi na gasasshen yumɓu, da wurin girki. Gida ne na iyali masu rufin asiri, masu cin guminsu. Marubucin tarihi Libiyus ya ruwaito cewa Sarki Sarbiyus Tulliyus ya raba wa mutane filayen da aka ci da yaƙi, shi ya sa waɗansu malamai suke danganta wannan gida da irin wancan rabo.

Bai wuce shekara hamsin ba aka share shi. A wajen shekara ta 500 kafin Miladiyya, wato daf da lokacin da riwayar Rumawa ta ce an kori sarki na ƙarshe a 509 aka kafa mulkin manyan gidaje, sai ga wani gini ya tashi a gurbinsa wanda ya ninka shi fiye da sau biyu, an gina shi da sassaƙaƙƙun duwatsu masu kusurwa huɗu, an raba shi sashen zama da sashen aiki, har da mamatsar zaitun wadda take cikin mafi daɗewa da aka sani a ƙasar Italiya. Ina roƙonku ku tsaya a kan wannan mamatsa. Itacen zaitun yana ɗaukar shekaru kafin ya ba da amfani, kuma ba mai dasa shi da yawa har ya gina masa mamatsa sai wanda ya amince gonar za ta tabbata a hannun zuriyarsa, yana da abin da zai ci kafin itacen ya yi 'ya'ya, yana kuma da hannuwan da za su tsinka su matse. Haka nan dutsen da aka fasa, aka sassaƙa, aka jawo, ya fi ƙarfin uba da 'ya'yansa. Gona ta zama gandu, kuma duk wanda ya san tarihin rinji a ƙasarmu ya san cewa gandu ba ya nomuwa sai da wuyan waɗansu.

Littattafai suna taimakon ƙasa a nan. Sun gaya mana cewa a 494 kafin Miladiyya talakawan Rum suka fice daga birni saboda nauyin bashi, kuma shari'arsu ta yarda mai bin bashi ya riƙe jikin wanda ake bi ya yi masa bauta, ba a soke wannan hukunci ba sai a 326. Ban iya kallon zanen gidan nan na biyu ba tare da tuna waɗannan mutane ba, domin kyan gini da muke yabawa, muna kiransa ci gaba, mai yiwuwa ne shi ne ranar da wani iyali ya rasa gonarsa ya koma lebura a cikinta.

Muhimmancin wurin ga malamai ya zo ne daga wani tsohon saɓani. An daɗe ana karantarwa cewa babban gandun Rumawa ya samu ne bayan yaƙin da Rumawa suka yi da Hannibal, wanda ya ƙare a 201 kafin Miladiyya, sa'ad da bayi da ganima suka kwararo Italiya. Hujjarsu littafin noma na marubucin Rumawa Kato, wanda ya rubuta wajen 160 kafin Miladiyya, inda ya ƙayyade ma'aikata 13 ga gonar zaitun da 16 ga gonar inabi, har ya ba da shawarar a sayar da bawan da ya tsufa ko ya kamu da ciwo. Sai kuma gandun Settefinestre a lardin Toskana, wanda Carandini da kansa ya haƙa daga 1976 zuwa 1981, ginin ƙarni na 1 kafin Miladiyya. To, ga gida ya fito a bakin Tiber wanda ya girmi Kato da shekara 300 da ɗoriya. Masanin kufai Nicola Terrenato ya yi rubutu a 2001 yana cewa asalin manyan gidajen gona ya kamata a neme shi a irin waɗannan mazaunai na masu sarauta na dā. Ni dai na karkata ga wannan ra'ayi, da sharaɗin a tuna cewa gida guda ba ya isa a yi ƙiyasin ƙasa duka a kansa, balle gidan da ke ƙofar babban birni.

Sauran tarihinsa ƙari ne a kan ƙari. A wajen 300 kafin Miladiyya aka sake fasalinsa, kuma daga wannan zamani ne aka samu wani yumɓun kusurwar rufi mai siffar kan Akelo, abin bautarsu na kogi mai ƙahon sa, wanda ya dace da mutanen da ke zaune cikin fargabar ambaliya. A 220 kafin Miladiyya aka shimfiɗa hanyar Flaminiya ta kusa da shi, kasuwar birni ta ƙara matsowa, gidan ya sami zaure da ɗakin karɓar baƙi irin na gidajen manya a cikin gari. A ƙarni na 1 kafin Miladiyya aka yi masa gyara na ƙarshe mai girma, da irin ginin da ake jera ƙananan duwatsu kamar saƙar raga. A cikin ƙarni na 2 na Miladiyya aka bar shi, kuma waɗansu masu bincike suna ɗora dalilin a kan ambaliyar Tiber, wadda laka da yashinta suka yi ta taruwa a kwarin har suka rufe bangayen.

Tukwane da sauran kayan da aka tono suna ajiye a wani ƙaramin gidan tarihi a cikin zauren, wanda aka buɗe a 2002, bangayen kuma suna fili ga mai ziyara.