Idon da Ya Gani da Kunnen da Ya Ji

Karatunmu na yau yana cikin Ayyukan Manzanni sura 11, aya 27 zuwa 30.

Kafin mu shiga nassin, bari mu tuna wani abu da ya faru kusa da mu. A shekara ta 2004 damina ta tsaya da wuri a Jamhuriyar Nijar, fara kuma ta cinye amfanin gona a wurare da yawa. Tun ƙarshen wannan shekara Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi ta shelar cewa yunwa tana tafe. An rubuta rahotanni, an yi roƙo, amma taimakon da ya zo kaɗan ne. Sai a watan Yuli na 2005, da talabijin na BBC ya nuna yara ramammu a Maraɗi, duniya ta zabura, kuɗi suka fara shigowa. Kafin nan an riga an binne yara da yawa.

Ba mu raina hoto ba. Hoto yana shiga zuciya nan take, ba ya bukatar tafinta. Amma sai bala'i ya ci jiki ake samun abin ɗauka. A watan da hatsi yake ƙarewa cikin rumbu, me mai hoto zai ɗauka? Magana ce kaɗai take iya riga masifa isowa. Kuma mukan tambayi kanmu, wace uwa ce za ta so a nuna wa duniya ɗanta cikin wannan hali, in da kuka da baki ya isa?

To, ga ikilisiyar Antakiya. Wani annabi mai suna Agabas ya zo daga Urushalima, ya faɗa ta wurin Ruhu cewa za a yi babbar yunwa, ta kuwa auku a zamanin Kalaudiyas. Mutanen Antakiya ba su ga ko yaro ɗaya mai yunwa ba. Da yawansu Al'ummai ne, ba dangin mutanen Yahudiya ba. Duk da haka suka amince da maganar, kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa, suka aika wa dattawa ta hannun Barnaba da Shawulu. Ku lura, yunwar nan su ma tana iya taɓa su.

Haka Nehemiya. Yana fadar sarki a Shushan, ɗan'uwansa Hanani ya ba shi labarin rusasshiyar garun Urushalima. Da ji kawai ya zauna ya yi kuka, ya yi azumi da addu'a, har kusan wata huɗu kafin ya buɗe baki gaban sarki. Tausayin da hoto yake tayarwa sau da yawa ba ya kai mako guda, wani hoton ya zo ya kore shi.

Kada kuma mu ce gani shi ne tausayi. A Luka sura 10, firist ya ga mutumin da 'yan fashi suka yi wa rauni a hanyar Yariko, Balawe ma ya gan shi. Idanunsu lafiya lau, suka ratse. Basamariyen ne ya sauka daga kan dabbarsa.

'Yan'uwa, mu a rediyo ba mu da hoton da za mu nuna muku. Murya kaɗai muke da ita. Wataƙila a majami'arku an karanta wasiƙa daga wani fasto na ƙauye, cewa ambaliya ta kwashe gonakin membobinsa, ko an ƙone musu gidaje. Ba a haɗa ta da hoto ba, rubutun ma da ƙyar ake karantawa. Ina wasiƙar take yanzu? In tana cikin aljihun sakatare, a fito da ita ranar Lahadi, a sake karantawa gaban jama'a, a zaɓi mutum biyu amintattu da za su kai abin da aka tara.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba ikilisiyoyin Makidoniya a 2 Korantiyawa sura 8. Ku karanta kafin lokacin.