Jawabi Ga Ɗaliban Shari'a Ranar Yaye Su



Da aka nemi in yi muku nasiha, sai na ga gara in ba ku tarihin mutum guda, wanda ba ɗan ƙasarmu ba ne, ba kuwa ma'abocin addininmu ba, amma ya yi abin da kowane mai riƙe da alƙalamin hukunci ya kamata ya sani, wato John Marshall na Amurka.

An haife shi a jihar Birjiniya a 1755, shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya 15, kuma yana ɗan shekara 20 ya ɗauki bindiga a yaƙin ƙwatar 'yanci daga hannun Ingila, har ya kai muƙamin kyaftin. A hunturun 1777 zuwa 1778 yana cikin rundunar George Washington da ta yi sansani a Valley Forge, inda sojoji kimanin 12,000 suka kwana a bukkokin katako, da yawansu babu takalmi babu bargo, har sawunsu yana barin jini a kan ƙanƙara, kusan 2,000 suka rasu da cuta da yunwa. Dalili kuwa shi ne jihohi goma sha uku kowace ta kama gabanta, majalisar tarayya kuma ba ta da ikon sa wa kowa haraji domin a ciyar da masu kare ta. A ganina a nan ya yi karatunsa na haƙiƙa, gama darasin lauya da ya ɗauka a kwalejin William da Mary a 1780 na 'yan makonni ne kawai. Ya fita yaƙi da yaƙinin cewa ƙasar da dokarta ba ta hau kan kowa ba, talakanta ne ke biyan diyya.

Daga nan ya shiga majalisar dokokin Birjiniya a 1782, ya je jakadanci Faransa a 1797 inda aka nemi toshiya ya ƙi, ya shiga majalisar wakilai ta ƙasa a 1799, har Shugaba John Adams ya naɗa shi Alƙalin Alƙalai a 1801, ya zauna bisa kujerar shekara 34.

Malamanku sun karantar da ku hukuncinsa na 1803, wanda ya tabbatar wa kotu ikon rushe dokar da ta saɓa wa tsarin mulki, saboda haka ni shari'ar 1807 zan tsaya a kanta. An gurfanar da Aaron Burr, tsohon mataimakin shugaban ƙasa, a birnin Richmond bisa tuhumar cin amanar ƙasa, alhali Shugaba Thomas Jefferson ya riga ya shaida wa majalisa cewa laifin mutumin babu shakka a cikinsa, jama'a kuma sun yanke masa hukunci a bakin kasuwa tun ba a zauna ba. Marshall bai kula da wannan guguwa ba, ya aika wa shugaban ƙasa sammacin ya kawo takardun da ke hannunsa, sa'an nan ya tsaya a kan nassin tsarin mulki, cewa ba a kama mutum da wannan laifi sai da shaidu biyu a kan aiki guda bayyananne, ko iƙirarinsa a gaban kotu. Bayyina ta gaza, aka sallami Burr, mutanen Baltimore suka yi mutum-mutumin alƙalin suka rataye don fushi. Duk wanda ya karanta babin shahada a fiƙihunmu ya san wannan matsayi, domin zato, kome ƙarfinsa, ba ya zama hujja.

Amana ta hana ni in ɓoye muku aibinsa. Mutumin nan ya mallaki bayi masu yawa, 'ya'yan Afirka, yana saye yana sayarwa, kuma adalcin da ya shimfiɗa wa Burr bai kai gare su ba har ya rasu a 1835. Wannan tabo ne babba, ba ni kuwa neman masa uzuri.

'Ya'yana, gobe wani zai tsaya gabanku wanda gari duka ya tsane shi, mai mulki kuma ya aiko muku da abin da yake so a yi. Ina roƙonku don girman Allah ku nemi shaidu, ku saurari wanda ake tuhuma har ya dasa aya, kuma ku yi wa marar galihu abin da za ku yi wa mai shi. Allah ya yi muku albarka, ya sa ku gama da duniya lafiya.