Itace Ma Magani Ne

Inda aka sare itatuwa, iska ta kan kwaso ƙura, ta kawo tari da ciwon ido.

A ƙasar Maraɗi, tun 1983, manoma suka kama sassabin zamani. In kututture ya yi toho, sai su bar rassa biyu ko uku masu ƙarfi su girma. Ta haka gonaki suka sake yin itatuwa ba dashe.

To, maigida, ran sharar gona tafi da ɗanka, ka nuna masa wannan. Uwargida, ki ba 'yarki zogale guda ta riƙa yi masa ban ruwa, ganyensa yana gina jiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.